Siffar Mota: Tarihin Zayyanarta Daga Keken Doki Zuwa Fijo 504



Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin babban titi ya san ana bambance mota da mota tun daga nesa, kafin a ji ƙarar injinta, balle a karanta sunan da aka rubuta a goshinta. Yaron da bai shiga makaranta ba ma ya san Marsandi, ya san Fijo. Abin da idonsa yake kamawa kuwa shi ne siffa, watau tsawon mota da tsayinta, da yadda rufinta ya gangara, da irin zaman da fitilunta suka yi. Wannan siffa wani ne ya zauna ya zana ta, kuma kafin a amince da zanensa sai da aka yi ja-in-ja tsakanin mutum uku: injiniya, wanda yake son mota ta yi aiki, da ɗan kasuwa, wanda yake son ta shiga, da mai zayyana, wanda yake son ta ƙayatar.

A cikin wannan lacca za a bi sawun wannan ja-in-ja daga shekarar 1886 zuwa shekarun 1970, watau zamanin motocin da masu sha'awa suke tarawa yanzu suna adanawa kamar kayan gado. Tambayar da za a nemi amsarta guda ɗaya ce: me ya sa wata siffa takan tsufa cikin shekara uku, wata kuwa a shekara arba'in ana ƙera ta ba a gaji da ita ba?

Gadon Keken Doki

A shekarar 1886 ne Karl Benz na Jamus ya yi rajistar motarsa mai ƙafa uku. A wannan shekara kuma Gottlieb Daimler ya ɗauki keken doki ya ɗora masa inji. Motocin farko duk haka suke, dogaye, masu siraran ƙafafu, direba yana zaune can sama kamar har yanzu yana duban bayan dawaki. Kamfanin Panhard et Levassor na Faransa ne ya kawo inji gaba a 1891, ya bar ƙafafun baya suna tura mota. A 1901 Wilhelm Maybach ya ƙera Mercedes ta farko, doguwa, mai zama kusa da ƙasa, da lagireto a gaba. Daga nan ne mota ta sami fuska irin tata.

Amma fa sana'ar masu keken doki ba ta mutu nan take ba. Attajirin da yake son Rolls-Royce yakan sayi inji da ƙashin ƙarfen da yake ɗauke da shi kawai daga kamfani, sa'an nan ya kai wa masassaƙa irin su Hooper ko Barker, su gina masa bodi da katako, su lulluɓe shi da ƙarfe, daidai da yadda ake kai wa maɗinki yadi. Kamfanin bai fara sayar da mota da bodinsa na kansa ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan al'ada ba baƙuwa ba ce ga mutumin Kano ko Zariya, domin kafintocin da suke gina bodin katako a kan manyan motocin ɗaukar kaya, da masu fentin da suke zana musu zakuna da kalmomin hikima, irin aikin nan ne suke yi.

Ford da Sloan

Henry Ford na Amurka ya fito da motarsa Model T a 1908. Shi dai injiniya ne, kuma a ganinsa mota kayan aiki ce kamar garma. Ya yi ta doguwar ƙafa saboda munanan hanyoyin ƙauye, mai sauƙin gyara, mai araha. A 1913 ya shigo da tsarin harhaɗa mota a kan layi mai tafiya, inda kowane ma'aikaci yake tsaye wuri ɗaya yana maimaita aiki ɗaya. Farashinta ya sauko daga dala 850 zuwa ƙasa da dala 300. Daga 1914 zuwa 1925 baƙin fenti kaɗai ake yi mata. Kafin a daina ƙera ta an yi fiye da miliyan 15.

Nasarar Ford ita ce ta haifa masa matsala. Da aka kai tsakiyar shekarun 1920, galibin masu neman motar farko a Amurka sun samu. Mai neman ta biyu kuwa ba ya son ya sake sayen irin wadda ya sayar. Alfred Sloan, wanda ya zama shugaban General Motors a 1923, shi ne ya fara hango wannan. Sai ya jera motocin kamfaninsa kamar matakala, daga Chevrolet a ƙasa, sai Pontiac, da Oldsmobile, da Buick, har zuwa Cadillac a sama, yadda duk wanda arzikinsa ya ƙaru zai ji ya kamata ya hau mataki na gaba. Sa'an nan ya kafa al'adar sauya kamannin mota kowace shekara, domin ta bara ta zama tsohon yayi ko da injinta lafiya lau yake. Kimiyya ma ta taimake shi, don kuwa a 1924 aka fara amfani da fentin Duco na kamfanin DuPont, wanda yake bushewa cikin sa'o'i, alhali na da yakan ɗauki makonni, ga shi kuma yana zuwa da launi iri-iri.

Abin da ya rage wa Sloan shi ne mutumin da zai riƙa zana masa. Ya same shi a Hollywood, wani mai suna Harley Earl, ɗan maƙerin keken doki, wanda yake gina wa 'yan wasan sinima motoci na musamman. Earl ya zana motar LaSalle ta 1927, ta sami karɓuwa ƙwarai, sai aka buɗe masa sashe guda a cikin kamfani wanda aikinsa kawai siffa da launi. Shi ne ya yaɗa dabarar gina mota da yumɓu daidai girmanta, a yi ta kankara ana ƙarawa har ido ya gamsu, kafin a taɓa ƙarfe. Burinsa a tsawon aikinsa shi ne ya tsawaita mota, ya kuma kwantar da ita ƙasa. A watan Mayu na wannan shekara ta 1927 Ford ya dakatar da Model T, ya rufe masana'antunsa wajen wata shida yana shirya sabuwa. Ɗan kasuwa da mai zayyana sun haɗa kai sun ka da injiniya.

Darasin Iska

Ana cikin haka wasu injiniyoyi suna ta nazarin wani abokin gaba da ba a gani, watau iska. Ƙa'idar ita ce, in mota ta ninka gudunta sau biyu, turjiyar da iska take yi mata takan ninku sau huɗu. Mota mai siffar akwati, da fitilu da madigadi a warwatse, mai take sha a banza tana dambe da iska. Paul Jaray, wanda ya yi aikin jiragen sama na Zeppelin a Jamus, ya gwada siffofi a cikin bututun iska, ya tabbatar da cewa mafi dacewa ita ce mai kama da ɗigon ruwa, mai kumburi a gaba da tsini a baya. A kan wannan tunani ne Hans Ledwinka ya ƙera Tatra 77 a ƙasar Cekoslobakiya a 1934.

A wannan shekara ce kuma kamfanin Chrysler ya fito da Airflow. Injiniyansa Carl Breer ya gano a gwaji cewa motocin zamaninsa sun fi ratsa iska in aka juya su baya ya zama gaba. Sai ya lanƙwasa goshin motar, ya shigar da fitilu cikin jiki, ya matso da inji gaba, ya zaunar da fasinjoji a tsakanin ƙafafun gaba da na baya inda girgiza ta fi sauƙi. Ta fuskar ilmi gaskiya tana wajensa, amma masu saye suka ga fuskar ba ta yi musu ba, aka daina ƙera ta a 1937. Darasin da masu kamfanoni suka ɗauka shi ne, idon jama'a a hankali ake jansa. Duk da haka tunanin bai mutu ba. Peugeot 402 ta 1935 da Lincoln Zephyr ta 1936 sun ɗauke shi sun sassauta, suka kuwa shiga kasuwa. A Faransa kuma Citroën ya fito da Traction Avant a 1934, wadda aka haɗe bodinta da ƙashinta suka zama abu ɗaya, ƙafafun gaba suke janta, saboda haka ta kwanta ƙasa fiye da tsararrakinta.

Zamanin Fikafikai

Bayan yaƙi Amurka ta fito da arziki, ga mai da araha, ga manyan tituna. Masu zayyana na General Motors sun ga jirgin yaƙin nan Lockheed P-38 mai wutsiya biyu, ya burge su, sai suka ɗora wa Cadillac ta 1948 wasu 'yan ƙananan fikafikai a baya. Abu kamar wasa, sai ya zama gasa. Virgil Exner na Chrysler ya ɗaga nasa a 1957, General Motors ya mai da martani da Cadillac ta 1959, wadda fikafikanta suka yi tsini kamar mashi, da jajayen fitilu masu kamannin harsashi. Ƙarfe mai ƙyalli ya rufe gaba da baya, gilashin gaba ya naɗo har gefe, motoci suka ƙara tsawo da nauyi ba tare da wurin zama ya ƙaru daidai da haka ba.

Kwalliya ba kullum take biyan kuɗin sabulu ba. Kamfanin Ford ya kashe dukiya mai yawa a kan motar Edsel, ya fito da ita a 1957, jama'a suka yi wa fuskarta dariya, aka binne ta a ƙarshen 1959. Akwai kuma abin da ya fi hasarar kuɗi muni. Yawancin wannan ado kyan ɗan maciji ne: tsinin ƙarfe a waje yana yanka mai tafiya a ƙasa, maɓallai masu tsini a ciki suna huda fasinja, sandar sitiyari tana soke ƙirjin direba in an yi karo. A wannan shekara ta 1959 da fikafikai suka kai maƙura, Nils Bohlin na kamfanin Volvo a Suwidin ya fito da bel ɗin kujera mai kama kafaɗa da ƙugu, Mercedes kuma ta fara sayar da mota bisa dabarar Béla Barényi, wadda gabanta da bayanta suke lotsewa su shanye ƙarfin karo, ɗakin fasinja ya tsira. A 1965 lauya Ralph Nader ya buga littafinsa Unsafe at Any Speed, inda ya tuhumi kamfanoni da fifita ado a kan rai. Shekara guda bayan haka majalisar Amurka ta kafa dokar kiyaye lafiyar masu shiga mota. Tun daga ranar hukuma ta zama ta huɗu a teburin zayyana.

Abin da Rashi Ya Koya wa Turai

A Turai labarin dabam ne. Yaƙi ya rushe masana'antu, ƙarfe ya yi wuya, mai ya yi tsada, titunan tsofaffin birane kuma ƙunci gare su. Masu zayyana a can ba su da abin ɓarnatarwa, saboda haka kowace siffa sai ta faɗi dalilinta.

Volkswagen mai kamannin kunkuru Ferdinand Porsche ne ya tsara ta a shekarun 1930 bisa umurnin gwamnatin Hitler, amma ba ta isa hannun talakawa ba sai bayan yaƙi, lokacin da wani hafsan sojan Ingila, Manjo Ivan Hirst, ya farfaɗo da masana'antar Wolfsburg a 1945. Injinta a baya yake, iska take sanyaya shi, ba ya bukatar ruwa. Ƙusumbin bayanta kuwa yana da amfani, domin lanƙwasasshen ƙarfe ya fi shimfiɗaɗɗe ƙarfi ko da siriri ne. A 1972 yawanta ya zarce na Model T, kuma ba a daina ƙera ta ba sai 2003 a Meksiko, bayan an yi fiye da miliyan 21.

Citroën 2CV ta 1948 don manomin Faransa aka yi ta. Shugaban kamfanin, Pierre Boulanger, ya shar'anta wa injiniyoyinsa cewa ta iya ratsa gonar da aka yi wa huɗa ɗauke da kwandon ƙwai ba tare da ya fashe ba. Rufinta tamfol ne, kujerunta ana ciro su. 'Yan jarida sun yi mata ba'a ranar da aka nuna ta, ta kuwa rayu har 1990. A Ingila rikicin mashigin Suez na 1956 ya jawo ƙarancin mai, sai aka umurci Alec Issigonis ya ƙera ƙaramar mota ta sosai. Ya gicciya inji a gaba, ya tura 'yan ƙananan ƙafafu zuwa kusurwa huɗu, ta yadda a cikin mota mai tsawon ƙafa 10 kacal, kashi 80 cikin 100 na daɓenta ya zama na mutane da kayansu. Wannan ita ce Mini ta 1959, wadda aka ƙera har shekarar 2000.

Kada mai sauraro ya ɗauka cewa dalili da kyau ba sa haɗuwa. Citroën DS ta 1955 aikin Flaminio Bertoni ce, wanda asalinsa mai sassaƙa mutum-mutumi ne, tare da André Lefèbvre, injiniyan da ya fara daga jiragen sama. A ranar farko ta baje kolin Paris mutum 12,000 suka ba da sunansu suna so. Jaguar E-Type ta 1961 kuma Malcolm Sayer ne ya fitar da lanƙwasarta da lissafi, shi ma daga masana'antar jiragen sama ya fito. A waɗannan motoci injiniya da mai zayyana tare suka fara aiki tun daga farar takarda.

Daga Turin Zuwa Kaduna

A Italiya tsohuwar sana'ar gina bodi ta rikiɗe ta zama sana'ar sayar da zane. Gidan Battista Farina na birnin Turin, wanda aka sani da Pininfarina, ya gina Cisitalia 202 a 1947, inda madigadi da ƙofa da rufi suka narke suka zama jiki ɗaya, ba wani ado da aka liƙa. Gidan adana fasahar zamani na New York ya nuna ta a 1951 a matsayin aikin fasaha. Wannan gida na Pininfarina ne kamfanin Peugeot ya ɗauka ya zana masa 403 a 1955, da 404 a 1960, da 504 a 1968. Wanda ya dubi bayan 404 da kyau zai ga wasu 'yan gajerun fikafikai, watau ɓurɓushin yayin Amurka ne ya biyo ta Italiya da Faransa har ya iso tashoshin motar Kano da Maraɗi, inda ƙanwarta a-kori-kura ta yi ta jigilar buhuna da mutane.

A 504 an zubar da fikafikan. An ba ta manyan gilasai da siraran ginshiƙai don direba ya ga ko'ina, da fitilu masu kusurwa, da but mai gangara. A ƙarƙashinta kuwa cikinta ya ɗaga daga ƙasa, ƙafafunta suna da sararin hawa da sauka a kan gargada. An zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekara ta 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, aka kuma fara harhaɗa Volkswagen a Legas, daidai lokacin da kuɗin mai da ƙarin albashin Udoji suka sa ma'aikata da yawa suka mallaki motar farko. Ta zama motar ofis, doguwarta mai layin kujeru uku ta zama motar haya tsakanin garuruwa. Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har cikin shekarun 2000.

Kammalawa

Yanzu ana iya komawa ga tambayar farko. Siffar da aka zana don a tsofar da ta bara, ita ma ta baɗi za ta tsofar da ita. Siffar da aka zana don amsa wata bukata ta gaskiya, kamar ta manomi da kwandon ƙwansa, ko ta magidanci mai ƙaramin albashi, tana nan muddin bukatar tana nan. Gaskiya ne Cadillac ta 1959 tana da tsada ƙwarai a wurin masu tara tsofaffin motoci, amma darajarta ta shaida ce a kan wani zamani da ya wuce, shekara ɗaya tak aka yi ana ƙera ta a wannan kama. Kunkuru da 2CV da Mini kuwa kowace ta haura shekara arba'in a kan layin masana'anta.

Akwai kuma abin lura ga ɗalibai da ma'aikata musamman. Fijo 504 ta dace da ƙasar nan, amma ba don ƙasar nan aka zana ta ba. An auna ta ne da hanyoyin karkarar Faransa, aka yi katari rigar ta zo daidai. Harhaɗa mota wani abu ne, zana ta kuma wani abu ne dabam, kuma a wurin zanen ne ake yanke shawarar wanda za a yi wa hidima. Ɗalibin injiniya ko na fasaha da zai zauna gaban farar takarda wata rana yana da nasa sharuɗɗan a bakin ƙofa: jan burji, da ƙurar hunturu, da zafin bazara, da iyali mai yawa, da makanikin bakin hanya wanda kayan aikinsa ba su wuce cikin akwati ɗaya ba. Ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin sayo wa hukuma motoci, ko tsara ƙa'idar shigo da su, shi ma ya kamata kafin ya sa hannu ya tambaya: wace hanya mai zanen wannan mota ya riƙe a zuciyarsa, kuma wane ne ya zaunar a cikinta?

Allah ya ƙara basira, ya kiyaye matafiya.